Jinin Gidan Masu Alewa

Likita Sadaf ta ware yatsun 'yata Zunaira ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ƙaya. A tsakaninsu akwai wasu ƙullutu, rawaye, masu laushi, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Ta duba gwiwar hannun yarinyar, ta naɗe wandonta ta duba gwiwoyin ƙafa, ta sake kallon takardar gwajin jinin da likitan fata ya turo mu da ita. Sannan ta ce da ni, "Cire takalminki."

"Ni? Ai yarinyar na kawo."

"Na sani. Cire."

Ta sunkuya ta kama agarar ƙafata da yatsu biyu, ta daɗe tana murzawa. Tun ina budurwa nake da kaurin agara, har 'yan'uwa suna tsokanata wai ƙafar ɗan dako gare ni. Ita ba ta yi dariya ba. Ta jawo farar takarda ta cire murfin biro.

"Ina mahaifinta?"

"Ya rasu, wata bakwai ke nan."

"Yana da shekara nawa?"

"Talatin da tara. Yana tuƙa alewa a shago ya dafe ƙirji ya zame. Kafin a samo mota ya cika."

"Mahaifinsa fa?"

"Arba'in da huɗu. Shi ma zuciya."

"Naki?"

"Arba'in da bakwai, a hanyar masallaci." Na ƙara da cewa, "Wa da ƙani ne. Mijina Mazhar ɗan wan babana ne."

Ta ajiye biron. Ta kira ma'aikaciyar jinya ta ce ta tafi da Zunaira a auna nauyinta, kuma kada a yi sauri. Da ƙofa ta rufe sai ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

"Nighat, ki saurara da kyau. Hanta tana da wasu 'yan ƙofofi da suke janye kitse daga cikin jini. Kowa yana gadon rabinsu daga uwa, rabi daga uba. Ina kyautata zaton rabinki a lalace yake, haka ma na mijinki. Ita kuwa ta ɗauko lalataccen naki ta haɗa da lalataccen nasa. Kitsen da ya rasa mafita sai ya dinga liƙewa a jijiyoyin da suke ciyar da zuciya, yadda tsatsa take toshe bututu. Na yaro bai kamata ya wuce ɗari da goma ba. Nata ɗari shida da tamanin ne."

"Amma ko alewar gidanmu ba ta sha. Nama ma sai na yi da gaske."

"Ko ganye da ruwa take ci, haka jinin zai kasance. Ba girkinki ba ne."

Wata bakwai ina jin surukata tana faɗa wa masu ta'aziyya cewa man shanun da nake zuba wa ɗanta ne ya toshe masa ƙirji. Na ɗauka ranar da wani zai wanke ni zan ji sanyi. Ban ji ba.

"In ba a yi komai ba fa?" na tambaya.

"Da yawa daga cikin irinsu ba sa kai ashirin." Ba ta kawar da ido ba. "Za mu yi. Ƙwayoyi za su rage, ko da yake ba za su isa ba, daga nan mu ga mataki na gaba. Ku masu rabi kuwa, ƙwaya ɗaya a kullum tana iya kai ku ga furfura. Shi ya sa nake so ki kawo min kowa, duk wanda ya fito daga tsatson 'yan'uwan nan biyu. Akwai masu shirin aure a cikinku?"

Akwai. Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren Mehwish, ƙanwar mijina, da Kashif, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni ma aka ɗibi jinina. Kafin azahar nawa sakamakon ya fito. Ɗari biyu da saba'in.

*

Na tarar da tsakar gidanmu cike da kayan ɗakin amarya. An baza barguna a kan gadajen igiya suna shan rana, keken ɗinki yana ta ƙara a ɗakin Mehwish. Surukata Hajra Bibi, wadda nake kira Tayi ji tun ina ƙarama saboda matar wan babana ce, tana zaune tana goge faranti da gefen mayafinta. Shekararta saba'in, ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Ita daga wani dangi aka auro ta.

Na tura Zunaira ɗaki, na durƙusa kusa da ita na faɗa mata komai. Ba ta daina goge farantin ba.

"Likitoci! Ka kai musu ciwon yatsa su nemo maka na wuya. Ƙullutu ne, Hakim Sahib mai maganin gargajiya ya ce zafin jini ne, zai baje."

"Shekara biyu muna shafa man da ya bayar, Tayi ji. Ƙaruwa suke yi."

"To ajali fa? Ko ke da likitarki kun fi Allah sanin ranar tafiyar ɗana?"

"Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani."

"Yau kuma wa'azi za ki yi min?" Ta ajiye farantin. Ta waiwaya ɗakin Mehwish, ta rage murya har sai da na matso. "Shekara sittin sunan gidan nan yana jikin gwangwanin alewa, daga nan Multan har Karachi. Ki fita ki ce kitse ne yake kashe mazan gidan masu alewa, ki ga ko akwai wanda zai sake taka shagon. Bar ma wannan. Kin san abin da ake yi wa yarinyar da aka ce jininta da cuta? Ko gurgu ba zai ɗauke ta ba."

"Kashif ƙanina ne. Yana son ta tun suna makaranta. Kuma Ammi ba za ta taɓa..."

"Na fi ki sanin uwarki. A gida ɗaya muka yi amarci, tukunya ɗaya muka yi shekara goma muna girki." Ta kama haɓata, abin da ba ta yi ba tun rasuwar Mazhar. "Kwana goma sha tara, Nighat. Ki bari a kai yarinyar nan ɗakinta. Bayan biki ki kwashe mu duka ki kai a tsotse mana jini, ban hana ba."

"In su biyun suna da shi, za su iya haifar irin Zunaira."

"In Allah ya so. In bai so ba kuma fa? Za ki rushe gida a kan wataƙila?"

Daga ɗaki muryar Mehwish ta taso, tana waƙa tana bin ƙarar keke.

*

Washegari na tafi shago. Tanveer, ƙanin Mazhar, shi ya gaji kaskon. Tun daga bakin lungu ƙanshin man shanu da madara mai ƙuna yake tarbar mutum. Na same shi a baya, daga shi sai singileti, ya riƙe muciyar da ta kai tsawonsa da hannu biyu yana juya alewar da ta fara kauri.

"A'a, Bhabhi, matar Yaya! Yau bincike aka zo? Wallahi ban saci gyaɗa ko ɗaya ba."

Na tsaya inda hasken ƙofa yake dukan fuskarsa. Likita ta ce in duba idanunsu. Ga shi nan kuwa, farin zobe a kewaye da baƙin idon, irin na tsofaffi, a fuskar ɗan shekara talatin da shida. Shekara nawa ina kallon wannan zoben a idon Mazhar ina cewa kyau ne?

Ina cikin yi masa bayani ya tsaya. Ya jingina muciyar a kafaɗa, ya dunƙule hannu ya danna tsakiyar ƙirjinsa. Ya miƙa ɗayan hannun ya ɗauko kwalbar lemo mai gas, ya kurɓa, ya yi gyatsa da gangan.

"Iska ce. Kin ji ta fita."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da matata ta koyi dafa wake."

"Yana zuwa in kana tuƙi, ya lafa in ka zauna. Wani lokaci har cikin haƙora. Ko ba haka ba?"

Murmushin ya bar fuskarsa.

"Haka yayanka ya yi wata uku, Tanveer. Ni na dinga haɗa masa jiƙon citta, ina cewa iska ce. Ba zan sake haɗa wa kowa ba. Gwajin minti biyar ne."

Ya ci gaba da tuƙi, don alewa ba ta jiran mai magana.

"In na je suka kwantar da ni, wa zai tsaya a nan? Alewar biki kilo ɗari biyu ce, ga sanyi yana shigowa, lokacin ciniki. Ni kaɗai na rage namiji a gidan nan." Ya goge gumi da damtsensa. "Kuma gaskiya, Bhabhi, tsoro nake ji. Yanzu iska ce. In na je ta zama wani abu."

"Ta riga ta zama."

"Bayan biki. Na rantse da kabarin Yaya, washegarin walima ki zo ki ja ni da igiya." Ya yanko alewa mai zafi a takarda ya miƙo min. "Kai wa 'yata Zunaira. Ki ce inji Chachu, baffanta."

Na karɓa. A bakin lungu na ba wata tsohuwa.

*

Kwana huɗu na yi ina juya maganar. In na kalli Mehwish tana gwada awarwaro sai in ce zan yi shiru. In na zo ba Zunaira ƙwayarta da safe, na ga 'yan yatsun nan sun kewaye kofi, sai in ji ba zan iya ba. A rana ta biyar na tari Kashif a ƙofar makarantar da yake koyarwa. Na ce a raina shi nawa ne, mai ilimi ne, zai fahimta.

Ya fahimta kuwa. Washegari ya je gwaji, da la'asar ya kira ni yana dariya kamar yaro.

"Baji, yayata, tamanin da biyar! Likitarki ta ce ban ɗauko ba. Ta ce tunda ba ni da shi, ba za mu haifi mai biyu ba, ko me jinin Mehwish ya nuna. Kin ga? An huta."

Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti. Sai da na share hawaye na tuna ban ce masa ya rufe bakinsa ba.

Da hantsin Laraba Ammi ta shigo gidanmu ba ta ko zauna ba. Tana rungume da ƙunshi. Ta ajiye shi a kan bargunan amarya ta kwance. Agogo ne da zobe da yadin da aka ba Kashif ranar baiko.

Tayi ji ta dubi kayan, ta dubi Ammi. "Mene ne wannan, Kaniz?"

"Abin da kika gani, Apa Hajra. Na binne miji. Na ga 'yata ta zama bazawara tana da talatin da biyu. Ga jikata, Allah kaɗai ya san kwananta. Ɗa ɗaya Allah ya tsame min daga rijiyar nan, ba zan mayar da shi da hannuna ba."

"Ammi," na ce, "ko gwada Mehwish ba a yi ba. Kuma ko tana da shi, ƙwaya ɗaya ce a rana."

"Rabin 'ya'yan da za ta haifa fa? Kashif ya faɗa min komai. In zuba ido ina kallon jikokina maza suna faɗuwa da arba'in?"

"Ba za su faɗi ba in an san da shi tun suna yara. Maganar ke nan gaba ɗaya, Ammi!"

"Ke kika ce."

"Ni ma ina da shi. Ni ma sai a mayar da ni?"

Ta kalle ni, idonta cike da ƙwalla. "Ke ai an riga an yi."

Tayi ji ta miƙe a hankali, tana dafa gwiwa. "Daga ina cutar ta fito, Kaniz? Daga gidan ubana na taho da ita? Ba jinin mijinki ba ne, wanda kika haifi 'ya'ya biyu da shi? An raba katin biki. Mutanen Bahawalpur sun sayi tikitin jirgin ƙasa. Me zan ce musu?"

"Ki ce an duba ba a dace ba. Ni ba zan faɗi dalili ba, wannan na yi miki alkawari."

Ta juya ta fita. Keken ɗinki ya daɗe da yin shiru, ban lura ba sai a lokacin. Mehwish tana tsaye a ƙofar ɗakinta, zaren awo rataye a wuyanta.

Tayi ji ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta ɗaure ƙunshin da kanta, ta ce, "Na ce miki na fi ki sanin ta."

Kashif ya kashe wayarsa kwana uku. Da ya kunna, abin da ya iya ce min shi ne Ammi ta rantse ba za ta yafe masa nononta ba in ya taka gidanmu. Na ce masa to ya zauna ya sha.

*

Gidan ya koma kamar gidan makoki, sai dai babu mai zuwa ta'aziyya. Tanveer ya aiko matarsa ta faɗa min kada in sake taka shago, kuma maganar gwaji ya janye rantsuwarsa, zai yi kaffara. Aka naɗe barguna aka tura saman kabad.

Ranar Litinin ina murza gurasa a kicin Mehwish ta shigo da mayafin fita. Ta ajiye takarda a kan garin.

"Ɗari biyu da casa'in. Na je da kaina. Ki ji daɗi, kin yi gaskiya."

"Mehwish..."

"Kwana goma sha tara aka roƙe ki."

"Da Kashif yana da shi fa? Da wata rana kin zauna a gaban likita an ce miki 'yarki ba za ta kai ashirin ba. Ba zan so wa maƙiyina wannan kujerar ba."

"Amma ba shi da shi."

"Ban sani ba a lokacin."

"Na ji." Ta jingina da bango. Ba kuka take yi ba, kuma wannan ya fi tayar min da hankali. "Ba wannan ne yake cina ba, Bhabhi. Jinina ne, aurena ne. Ɗakina da naki bango ɗaya ne. Kika gaya wa uwata, kika gaya wa yayana, kika hau mota kika tafi wurin ƙaninki. Ni kaɗai ce ba a gaya wa ba, kamar akuyar da ake ciniki. Da ni kika fara samu, da na ja shi mun tafi tare, mun ji tare, mun san yadda za mu yi da tsofaffin nan."

Gaskiya ta faɗa, kuma ko sau ɗaya abin bai zo min a rai ba.

"Ki yafe min."

"Ba yau ba." Ta ɗauki takardarta ta kakkaɓe garin. A bakin ƙofa ta tsaya. "Ƙwayar nan, kafin abinci ake sha ko bayan?"

*

Ranar Asabar ɗin da aka sa za a ɗaura aure, Tanveer ya fita shago tun asuba, wai ba zai zauna mutanen unguwa suna leƙo shi ba. Da azahar ya dawo. Ina shanya na ji ƙofa ta bugu da bango. Ya shigo yana dafa gini, fuskarsa ta yi toka-toka, rigarsa ta jiƙe kamar an tsamo shi daga kogi. Ya kai bakin gadon igiya ya zube, ya yi amai a kan takalmansa.

"Iska ce," ya ce. Muryar da ƙyar take fita.

Tayi ji ta fito da gudu ba mayafi. "Ku kira Hakim Sahib! Ku dafa citta! Baƙin ciki ne, bai ci komai ba tun jiya."

Matarsa ta nufi kicin. Ni na nufi ɗakina. Likita Sadaf ta faɗa min abin da zan yi in wannan ranar ta zo, kuma tun ranar nake ajiye asfirin a ƙarƙashin matashi. Na dawo na durƙusa a gabansa.

"Tauna. Kada ka haɗiye haka, tauna."

Tayi ji ta riƙe min hannu. "Me za ki ba shi? Bai ishe ki ba? Kin cinye min ɗaya, kin kashe auren ɗaya..."

"Sake ni, Tayi ji."

"Ba za a fitar min da ɗa a kan idon unguwa ba, yau da kowa yake kallon ƙofar nan!"

"To za a fitar da shi gobe a kan kafaɗu, kowa yana kallo!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta sake ni kamar ta taɓa wuta. Tanveer ya buɗe baki na saka masa ƙwayar. Kafin in juya in ce a nemo abin hawa, na ji ƙarar keke mai ƙafa uku yana shigowa lungunmu da baya. Mehwish ce a tsaye a gefensa ba takalmi, tana yi wa direban tsawa.

Mota ba ta shiga lungunan tsohon gari, don haka a wannan keken muka ɗora shi, kansa a cinyata, ƙafafunsa a kan Mehwish. A ƙofar gari muka tarar da cunkoso, amalanken jaki ya karye a tsakiyar hanya. Mehwish ta dira ta dinga dukan motocin mutane da tafin hannu tana cewa a ba mu hanya, yayanta ne yake mutuwa. Ni ina riƙe da wuyan hannunsa ina jin bugun yana zuwa yana ɓacewa.

"Bhabhi," ya ce, "haka Yaya ya ji?"

"Rufe bakinka ka yi numfashi."

"Na bar kasko a wuta."

"Ya ƙone."

Awa biyu muka yi a barandar asibiti. Tayi ji ta iso daga baya ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa benci. Da likitan zuciya ya fito ya ce jijiya ɗaya ta toshe gaba ɗaya, ɗaya saura kaɗan, sun buɗe su sun saka 'yan ƙarafan da za su riƙe su. Ya ce da an ƙara rabin awa da wata maganar ake yi.

Tayi ji ta kama wuyan hannuna da hannu biyu ta kifa goshinta a kai. Na ji hawayenta yana bin yatsuna. Na ce a raina shi ke nan, abin da baki ya kasa yi, ido ya yi.

Ta ɗago ta share fuska da gefen rigarta. Ta dube ni, ta dubi Mehwish, ta dubi matar Tanveer.

"Duk wanda ya tambaya," ta ce, "gyambon ciki ne."

*

Wata takwas ke nan. Mu uku muke shan ƙwaya, da Zunaira huɗu. Tayi ji da kanta take karɓowa, ta ɓare su daga kwalayensu ta zuba a tsofaffin gwangwanayen shayi, ta ƙona kwalayen a murhu. 'Ya'yan Tanveer biyu har yau ba a gwada su ba. Ta ce masu ɗakin gwajin suna da baki, a bari tukuna a samar wa Mehwish miji. An ɗaura wa Kashif aure da wata 'yar Lodhran. Ban je ba.

Na Zunaira ya sauko zuwa ɗari huɗu da ɗoriya ya tsaya. A zuwanmu na ƙarshe Likita Sadaf ta daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, ta ce akwai wani sauti da ba ta so, ta rubuta mana takarda zuwa Lahore.

Jiya da la'asar mai dalilin aure ta kawo baƙi. Mutanen kirki ne, an ce, masu gonar mangwaro, ba su haɗa komai da danginmu ba. Tun safe ake share-share. Da aka ji tsayuwar motarsu a bakin titi, Tayi ji ta zo ƙofar ɗakina. Ba ta kalli Zunaira ba.

"Ki hau da ita sama. Ba za su daɗe ba."

Na leƙa kicin. Mehwish tana jera kofuna a tire, ta sa koren kaya, ta yi kyau ƙwarai. Muka haɗa ido.

"Bhabhi," ta ce, "wannan karon ni zan faɗa. In na ga lokacin ya yi."

"Yaushe ne lokacin?"

Ta gyara wani kofin da ba ya buƙatar gyara.

Na kama hannun Zunaira muka hau. Matakala goma sha shida ce, sau biyu ta tsaya tana haki. A saman soro zafin Multan yana tashi daga siminti kamar daga bakin tanda. Muka raɓe a 'yar inuwar tankin ruwa. Daga nan ana jin komai na tsakar gida, gaishe-gaishe, ƙarar cokali, wata mata tana yaba alewa.

"Ammi, me ya sa ba za mu sauka ba?"

"Ƙasa ta cika da mutane."

"Phuppo Mehwish suka zo gani?"

"Ita."

Ta kama wasa da bakin mayafina. "In na girma ni ma za a zo ganina?"

Sai muryar wani dattijo ta taso daga ƙasa. Cikin ladabi yake tambaya, ya ji an ce babban ɗan gidan ya rasu da ƙuruciya, Allah ya jiƙansa, ko rashin lafiya ya yi?

"Zazzaɓi ne na kwana biyu," in ji Tayi ji. "Mu dai alhamdulillahi, gidan nan ba mu san hanyar asibiti ba."

Na kasa kunne ko zan ji muryar Mehwish. Sai ƙarar shayi da ake tsiyayawa a kofi.

Simintin yana ƙona wa Zunaira tafin ƙafa. Na ɗauke ƙafafun na ɗora a cinyata, muka zauna muna jiran su gama.